Ignatiyus Na Loyola, Sojan Da Ya Koma Ɗan Makaranta

Cikin shekara ta 1491, watau zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, aka haifi wani yaro a gidan sarautar Loyola, cikin duwatsun arewacin ƙasar Sifen, inda kabilar Basko su ke. Aka raɗa masa suna Inyigo, amma sunan da ya ɗaukar wa kansa daga baya, watau Ignatiyus, shi ya bi shi, da shi kuwa za mu riƙa kiransa. Shi ne auta cikin 'ya'ya 13. Uwarsa ta rasu tun yana ƙanƙane, matar wani maƙeri ta rene shi. Mun zaɓi mu ba da labarinsa a wannan fitowa domin muna tsammani babu wani a cikinmu, ko malami ko ɗalibi, ko Musulmi ko Kirista, wanda aikin mutumin nan bai shafe shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a aji ɗaya, ya ci jarrabawa, aka ciyad da shi aji biyu, ya sha ruwan wata rijiya wadda Ignatiyus yana cikin waɗanda suka yashe ta.

Yana da wajen shekara 15 aka kai shi garin Arebalo, gidan Ma'ajin Sarkin Kastila, don ya koyi zaman fada. Can ya koyi hawa da wasan takobi da rawa da caca, hannunsa kuma ya faɗa wajen rubutu, amma karatunsa bai wuce littattafan jarumai da 'yan mata ba. Ga shi gajere, ga son ado, ga saurin fushi. Cikin 1515 har ƙara aka kai shi gaban alƙali a ƙasarsu saboda wata ɓarna da suka yi da dare shi da wansa. Da Ma'ajin ya rasu cikin 1517 sai ya koma barantaka wurin hakimin da ke riƙe wa Sarkin Sifen ƙasar Nabara, a bakin iyakar Faransa.

Kafin mu bi shi fagen yaƙi sai mu dakata mu dubi yadda addinin Kirista ya ke a Turai a wannan lokaci, in ba haka ba sauran labarin ba zai fito ba. Dukan yammacin Turai a sa'an nan ikilisiya ɗaya su ke bi, shugabanta kuwa shi ne Fafaroma a birnin Rum. Amma gidan ya daɗe yana yoyo. Manyan limamai, waɗanda a ke kira bishof, da yawa ba su zama a garuruwan da aka naɗa su, sai dai su aika a karɓo musu kuɗin shiga. Wani ma ya haɗa garuruwa biyu ko uku. Akwai wani ɗan sarauta a Jamus, Alburaht, wanda tun bai kai shekara 25 ba ya riƙe kujeru uku na manyan limamai, ya ci bashi mai yawa don ya biya Rum kuɗin yarda. Limaman ƙauye kuwa, waɗanda su ke tare da talakawa, babu wata makaranta da aka ajiye don horonsu, har a kan sami wanda ba ya fahimtar Latin ɗin da ya ke karanta wa jama'a. Bayan wannan ga takardun gafara da a ke sayarwa don gina babbar majami'ar Bitrus a Rum, masu tallansu suna sa jahilai su ɗauka kuɗi na iya fid da mamaci daga azaba. Cinikin takardun nan ne ya sa wani malami Bajamushe, Martin Luta, ya fito da maganganunsa 95 cikin 1517. A watan Afril na 1521 aka tsai da shi gaban Sarki Carlos na Biyar a garin Worms, aka nemi ya janye, ya ƙi. Daga nan Kiristan Turai suka soma rabuwa biyu, Katolika da Furotesta.

Wannan Carlos shi ne kuma Sarkin Sifen, bayan wata guda kuwa da zaman Worms sai rundunar Faransa ta auka wa birninsa na Pamplona. Mutanen gari suka ga ba su iyawa, suka buɗe ƙofa. Waɗanda ke cikin ganuwar soja ma suka so su bi, Ignatiyus ne ya dinga zuga shugabansu har aka tsaya. Ran 20 ga Mayu 1521 harsashin igwa ya ragargaza masa ƙafar dama, ya yi wa ta hagu rauni. Ba a jima da faɗuwarsa ba aka sallama. Faransawa suka yi masa mutunci, suka ɗora ƙafar, suka sa aka ɗauke shi har gida Loyola. Da maɗoran gida suka duba suka ce ɗorin bai yi daidai ba, aka sāke karya ƙashin. Da ya warke sai ga wani ƙashi ya turo a ƙarƙashin gwiwa, ƙafar kuma ta gajarce. Don kada ya kasa sa takalman ado irin na fadawa, shi da kansa ya ce a yanke ƙashin da zarto, a riƙa miƙe ƙafar da ƙarfe. Babu maganin sa barci a zamanin, an ce kuwa bai yi ko ƙara ba, sai dunƙule hannu. Duk da haka ɗingishi bai bar shi ba har ya mutu.

Kwanciya ta yi tsawo, ya nemi a kawo masa littattafan jarumai. Aka duba gida duka ba a sami ko ɗaya ba, sai littattafai biyu, ɗaya na tarihin Annabi Isa, ɗaya na labarun waliyyai. Don rashin abin yi ya karanta su. Wani lokaci ya kan ɓata sa'o'i yana tunanin irin bajintar da zai yi don wata babbar mace ta yaba masa, wani lokaci kuma ya yi tunanin tafiya Baitul Muƙaddas ba takalmi, kamar yadda waliyyan suka yi. Sannu a hankali ya lura da wani abu. Tunanin duniya yana da daɗi muddin yana cikinsa, in ya bari sai ya ji zuciyarsa ta bushe. Ɗayan kuwa ya kan bar shi da natsuwa ko bayan ya wuce. Wannan ɗan abin lura, watau mutum ya zauna ya auna abin da ke motsi a zuciyarsa kamar yadda ɗan kasuwa ke auna awo, shi ne tushen dukan abin da ya koyar daga baya.

Farkon 1522 ya hau alfadari ya nufi Montserrat, wani dutse mai gidan 'yan zuhudu. A hanya ya gamu da wani Musulmi daga ragowar mutanen Andalus, suka jera suna taɗi har magana ta kai ga Nana Maryamu. Musulmin ya yarda ta ɗauki ciki ba namiji, amma ya ce bai ga yadda budurci zai saura bayan haihuwa ba. Ignatiyus ya kawo hujjojin da ya ke da su, ba su da yawa kuwa, bai iya kā da shi ba. Mutumin ya yi gaba. Sai zuciya ta ɗebi Ignatiyus, ya ga kamar ya bari an ci mutuncin Maryamu, ya yi shawarar ya bi shi ya soke shi da wuƙa. Da ya rasa abin da ya fi, sai ya sakar wa alfadari linzami a mararraba, a kan in ya bi hanyar ƙauyen da mutumin ya nufa zai kashe shi, in ya bi babbar hanya ya ƙyale shi. Alfadari ya bi babbar hanya. A ganinmu ran nan dabbar ta fi mahayinta hankali, shi ma kuwa haka ya gani, gama shi ne ya ba da labarin a kan kansa bayan ya tsufa, don a san irin makantar da ya ke ciki a farkon tubansa.

A Montserrat ya kwana uku yana rubuta zunubansa yana furta su ga limami, ya tuɓe tufafinsa na fada ya ba wani maroƙi, ya sa rigar buhu, ya rataye takobinsa da wuƙarsa a majami'a, ya kwana a tsaye yana addu'a daren 24 ga Maris. Bai yi nisa ba wani ya biyo shi da gudu yana tambaya ko da gaske shi ya ba maroƙin kayan, gama an kama shi a kan sata. Hawaye suka zubo masa. Ya sauka a wani ɗan gari, Manresa, da nufin kwana kaɗan, ya yi kusan shekara guda. Ya bar gashinsa da farcensa suka yi tsawo, ya yi ta azumi har ya ɓata cikinsa, waswasi kuma ya kama shi a kan ko ya manta da wani zunubi, har ya kai ga tunanin faɗawa daga bisa ya huta. Da ya fita daga wannan hali sai ya yanke farce, ya aske kai, ya koma cin abinci, domin ya gane azabtad da jiki ba ya amfanin kowa. A nan ya fara rubuta wani ɗan littafi na horon ruhu, wanda ke bi da mutum cikin halwa ta mako huɗu, mataki mataki, har ya yanke shawarar abin da zai yi da ransa. An buga littafin cikin 1548, har yanzu kuwa ana aiki da shi.

Ya isa Baitul Muƙaddas da bara cikin Satumba 1523, yana nufin ya zauna can har mutuwa. Birnin yana hannun Turkawa, 'yan zuhudun da ke lura da baƙin Kirista kuwa suka ƙi yarda ya zauna, don sun sha wahalar fansar irinsa in aka kama su. Bai cika mako uku ba aka sa shi ya juyo.

To, a nan ne labarin ya zo inda ya fi shafarmu. Cikin jirgin komowa ya yi ta tunanin abin da zai yi, ya ga ba shi da ikon taimakon kowa sai ya yi ilmi, ilmi kuwa a Turai ta lokacin ƙofarsa ɗaya ce, harshen Latin. Saboda haka cikin 1524, yana da shekara 33, tsohon bafade mai ɗingishi ya shiga makarantar yara a Barsalona, ya zauna a benci tare da waɗanda ya isa ya haifa, suna rera nahawu. Mu kan ce gemu ba ya hana ilmi, amma faɗinsa ya fi yinsa sauƙi, waɗanda suka zo nan bayan sun yi aure sun riƙe aji a garinsu sun san haka. Wahalarsa ma ta daban ce. Da ya buɗe littafin nahawu sai tunanin Allah mai daɗi ya cika masa kai, ya kasa haddace kome. Da ya lura ko a wurin addu'a ba ya samun irin wannan daɗi, sai ya gane ruɗi ne mai son raba shi da karatu. Ya tafi wurin malaminsa ya yi masa alkawari ba zai fasa zuwa aji ba har shekara biyu, muddin yana samun gurasa da ruwa a garin. Ya kuwa cika.

Daga nan ya wuce jami'ar Alkala cikin 1526, ya yi kuskuren da ɗalibi mai gaggawa ya kan yi. Ya ɗauki mantiƙi da ilmin halitta da tauhidi gaba ɗaya, yana fita wannan darasi yana shiga wancan, ga bara, ga kuma wa'azi da ya ke yi wa mutane a gidan marasa lafiya. Ya tashi bai riƙe kome ba. Wa'azin kuma ya jawo masa idon alƙalan addini masu binciken bidi'a, gama ba su ga dalilin da zai sa wanda ba limami ba, ba shi kuma da takardar shaida, ya riƙa tara mutane ba. Aka tsare shi kwana 42. Ya koma Salamanka, can ma aka sa masa mari kwana 22. Duka biyu ba a same shi da laifi ba, amma aka hana shi koyad da waɗansu mas'aloli sai ya ƙara shekara huɗu yana karatu. Sai ya bar ƙasar, ya taka da ƙafa har birnin Faris, ya shiga cikin Fabrairu 1528.

Abin da ya fara yi a Faris shi ne ya koma ajin nahawu tare da yara, karo na biyu, yana wajen shekara 37, don ya ga harsashinsa ba shi da ƙarfi. Kuɗin guzurin da aka ba shi ya danƙa wa wani ɗan ƙasarsu ajiya, shi kuwa ya cinye, saboda haka kowane hutu sai ya tafi neman taimako wurin fataken Sifen a ƙasar Filanda ta Baljiyam, sau ɗaya har Landan. Amma a Faris ya ga abin da bai gani ba a Alkala. An raba ɗalibai aji aji bisa ga abin da suka sani, ba mai wucewa gaba sai ya ƙware a na baya. Malami ba ya karantawa ya tashi kawai, sai an maimaita, an yi aikin rubutu, an yi muhawara. Mutumin da ya ɓad da shekara a cikin hargitsi ya san darajar wannan tsari fiye da wanda ya tashi a cikinsa.

A kwalejin Santa Barbara aka haɗa shi ɗaki da samari biyu. Ɗaya Fiya Fabur ne, ɗan makiyayi daga duwatsun Saboya, mai sanyin hali, shi ya riƙa maimaita masa darasi. Ɗayan Faransis Zabiya, ɗan sarauta daga Nabara, gwanin tsalle, mai neman suna, wanda yayyensa suka yi yaƙi a gefen Faransa cikin yaƙin nan da ya karya ƙafar Ignatiyus. Zabiya ya daɗe yana yi wa tsohon ba'a kafin ya sallama. Har shugaban kwalejin, wani mutumin Fotugal, ya taɓa shirya a yi wa Ignatiyus bulala a gaban jama'a don yana janye ɗalibai daga muhawarar ran Lahadi. Da suka gana sai ya fasa, shi ne ma daga baya ya gaya wa Sarkin Fotugal ya nemi mutanen nan don aikin Indiya. Ran 15 ga Agusta 1534, shekarar da Ingila ta fita daga hannun Fafaroma, su bakwai suka hau tudun Montmartre suka yi wa'adin zaman talauci da rashin aure da tafiya Baitul Muƙaddas, in kuwa tafiyar ta gagara su miƙa kansu ga Fafaroma ya aike su inda ya ga dama. Cikin 1535 Ignatiyus ya karɓi takardar shaidarsa ta malanta, shekara 11 bayan zamansa a bencin Barsalona.

A kan ce wai ya kafa ƙungiyarsa don ya yaƙi Luta ne. Wa'adin nan ya nuna ba haka abin ya faro ba, hankalinsu yana gabas. Suka taru a Fenis cikin 1537, aka naɗa shi limami, suka yi ta jiran jirgi, amma yaƙi ya tashi tsakanin Fenis da Turkawa, jirgin masu ziyara bai tashi ba. Sai suka nufi Rum. Ran 27 ga Satumba 1540 Fafaroma Bulus na Uku ya yarda da su da sunan Jama'ar Isa, waɗanda mutane ke kira 'yan Jezuwit, da sharaɗin kada su wuce mutum 60, bayan 'yan shekaru aka ɗage sharaɗin. Cikin 1541 suka zaɓi Ignatiyus shugaba. Ya ƙi, aka sāke zaɓe, aka sāke zaɓensa. Mutumin da ya taka rabin Turai da ƙafa ɗaya da rabi ya zauna a ɗan ɗaki a Rum shekara 15 yana rubutu, wasiƙunsa da suka saura sun kusa 7,000. Zabiya kuwa ya isa Gowa ta Indiya cikin 1542, Jafan cikin 1549, ya rasu a wani tsibiri a bakin ƙasar Sin cikin 1552, ba su sāke ganin juna ba.

Tsarin da ya yi musu ya saɓa wa na 'yan zuhudun dā. Ba su da riga ta musamman, ba su taruwa rera addu'a sau da yawa a yini, don kada wani abu ya ɗaure su wuri ɗaya. Horonsu yana da tsawo ƙwarai. Suna kuma wa'adi ba za su nemi kujerar bishof ba, ya kuwa yi ta fama da sarakuna da Fafaroma don kada a naɗa mutanensa, gama ya san ta nan ɓarna ta shiga. Da aka buɗe babban taron limamai a Turento cikin 1545 don gyaran ikilisiya, Fafaroma ya aika da biyu daga cikin abokan Montmartre, Lainez da Salmeron. Umurnin da Ignatiyus ya ba su shi ne su yi jinkirin magana, su saurara da kyau, in an tashi daga zama su tafi su koya wa yara addini su gai da marasa lafiya, da dare kuma su zauna su gaya wa juna kurakuransu na yini. Taron bai ƙare ba sai 1563, bayan mutuwarsa. Ya tilasta wa kowane bishof zama a garinsa, ya hana haɗa kujeru, ya soke aikin masu tallan takardun gafara, ya kuma umurta a gina makarantar horon limamai a ƙasar kowane bishof.

Doka kuwa ba ta koyad da kowa, sai an sami malamai. Abin mamaki, buɗe makarantu ba ya cikin niyyar Ignatiyus ta farko, yana tsoron za su ɗaure mutanensa. Amma cikin 1548 hakimin tsibirin Sisili da dattawan birnin Mesina suka roƙe shi ya aiko da malamai su koya wa 'ya'yansu. Ya zaɓi mutum 10 daga cikin mafiya ƙwarewa, ya ce a bi tsarin Faris. Da ya ga abin da ya fito sai ya juya gaba ɗaya. Cikin 1551 ya buɗe kwaleji a Rum, aka rubuta a bakin ƙofa ana koyad da nahawu da adabi da addini kyauta, ita ce ta zama jami'ar Gregoriya ta yanzu. Ba a karɓar ko anini daga ɗalibi, sai dai a nemi sarki ko gari su ɗauki nauyi, saboda haka ɗan maɗinki da ɗan hakimi suna aji ɗaya. Dalilin da magatakardansa Polanko ya rubuta wa 'yan'uwa shi ne, yaran nan su ne limamai da alƙalai da masu mulkin gobe, in sun gyaru jama'a ta gyaru. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Wani abu kuma da ya kamata mu masu shirin riƙon aji mu lura, ya hana malamansa su doki yaro da hannunsu. In horo ya zama dole sai a ɗauki wani daga waje ya yi, don kada tsoro ya shiga tsakanin yaro da malaminsa.

Kafin ya mutu makarantun sun haura 30. Cikin 1599 magadansa suka tattara dokokin karatu cikin littafi guda wanda dukan makarantunsu ke bi, daga Fotugal har Folan. Ɗaya daga cikin mutum goman Mesina, Bitrus Kanisiyus, ya koma Jamus, da kwalejoji da ɗan littafin tambaya da amsa ya taimaka ƙwarai wajen tsai da kudancin ƙasar a kan Katolika. Cikin ɗalibansu har da waɗanda suka zama ƙaya ga ikilisiya, kamar Bolteya na Faransa. Ƙarfinsu ya jawo musu ƙiyayyar sarakuna, har Fafaroma ya rushe ƙungiyar cikin 1773, aka mai da ita cikin 1814. Cikin 1996 suka buɗe kwaleji mai sunan Loyola kusa da Abuja, cikin 2013 kuma aka zaɓi ɗayansu na farko ya zama Fafaroma, watau Faransis, wanda ya rasu cikin 2025.

Ba za mu ɓoye inda mu ke ganin ya gaza ba. Biyayyar da ya nema daga mutanensa ta yi tsanani, har ya so mutum ya ƙaryata idonsa in hukuncin ikilisiya ya saɓa wa abin da ya gani, mai koyad da muhawara kuwa bai kamata ya nemi haka ba. Shi da ya ɗanɗana kurkukun masu binciken bidi'a sau biyu, ya goyi bayan kafa irin kotun nan a Rum cikin 1542, cikin 1554 kuma ya ba da shawara a ƙone littattafan Furotesta a ƙasar Ostiriya, a fid da malamansu daga jami'o'i. Ya yi ɗokin jawo Kiristan Habasha ƙarƙashin Rum, alhali kuwa sun riƙe addininsu fiye da shekara 1,000 kafin a haife shi, abin ya ƙare da yaƙi da korar 'yan Jezuwit daga ƙasar bayan 1632. Yana da taushi ga sababbin shiga da marasa lafiya, amma na kusa da shi sun sha faɗa, har da Lainez. A wani wuri kuwa ya fi zamaninsa. Manyan Sifen sun matsa masa ya daina karɓar jikokin Yahudawa, ya ƙi. Sai cikin 1593, bayan ba shi, aka sa wannan hani.

Ciwon cikin da ya samo tun Manresa bai rabu da shi ba. Cikin 1555 aka zaɓi Karafa, wanda suka daɗe ba su jituwa, ya zama Fafaroma Bulus na Huɗu, kwalejin Rum ta rasa taimakon da ta ke sa rai, bashi ya yi mata yawa, Ignatiyus ya ƙi rufe ta. Ran 30 ga Yuli 1556 da la'asar ya kira Polanko ya ce ya tafi ya roƙo masa albarkar Fafaroma, gama yana jin ƙarshe ya zo. Likitoci ba su ga alamar haka ba, ga kuma wasiƙun Sifen da a ke so su tashi a daren, sai Polanko ya tambaya ko abin zai jira gobe. Ya nuna ya fi son yau, amma ya bar masa zaɓi. Polanko ya koma kan wasiƙunsa. Da asuba aka tarar yana fama da numfashi, Polanko ya ruga fadar Fafaroma, kafin ya komo ya cika, ran 31 ga Yuli, yana da wajen shekara 65. Likitan da ya buɗe gawarsa ya sami tsakuwoyi masu yawa a ƙoda da hanta. Ya bar mabiya wajen 1,000, cikin 1622 kuma aka sa shi cikin waliyyan Katolika rana ɗaya da Zabiya. Da 'yan ƙungiyar suka taru cikin 1558 don zaɓen magaji, sai suka zaɓi Lainez, wanda ya sha faɗansa ƙwarai, jikan Yahudawa ne kuwa.